Gashin Taba a Kalfu

Asabar

Ƙanena ya gama ɗakin gashin taba da ya daɗe yana magana a kai. Daga biɗa ya dawo da wannan tunani. Ya yi ƙodago a gonakin taba na wajen Iseyin, cikin jihar Oyo ta Najeriya, inda ya ga ana gasa ganye a dogayen ɗakuna har ya fito ruwan ɗorawa, kamfani ya auna ya biya. Ya zo da irin Birjiniya cikin ƴar kwalba, ya yafa shi bayan ɗaukewar ruwa a bakin rijiyar garkar kawunmu, da ya yi ƙwari ya dasa shi kusa da fangalan albasa. Yanzu ganyen ƙasa ya nuna.

Ɗakin na tubalin laka ne, faɗinsa mita 2, tsawonsa sama ya haura mita 3. Akwai ƴar kafa a rufi da ake toshewa da guntun kwano, da wasu ƙanana biyu a gindin bango. Murhu yana waje: rabin tano ne aka kwantar aka lulluɓe da laka. Maƙerin garinmu ya buɗe sauran tanon ya naɗe shi ya zama bututu, wanda ya tashi daga murhu, ya ratsa bango, ya zagaye daɓen ɗakin, ya fita ta baya ya miƙe sama. Dabarar duka a nan take: zafi ya shiga, amma hayaƙi kada ya taɓa ganye ko kaɗan.

Da la'asar muka cusa ɗanyen haki cikin murhu don ya yi hayaƙi, ƙanena ya shiga da tocila ya ja ƙofa. Duk mahaɗin da ya ga hayaƙi na tsiyaya, sai ya shafe da laka haɗe da toka. Sannan ya shimfiɗa ragar waya bisa bututun, don busasshen ganye in ya faɗo kada ya kama wuta. Ya rataye ma'aunin zafi biyu da ya sayo a Tawa. Na biyun ya ɗaura masa lagwani a gindi, ya tsoma bakin lagwanin cikin gwangwanin ruwa.

Kawu yana zaune bisa tabarma yana kallo. Ya ce, "Tun kakanninmu iska ka busar da taba ƙasag ga. Mi yak kai ka ga wuta, ɗana?" Ƙanena ya ce, "Kawu, ku bari ku ga launinta tukuna."

Lahadi

Da hantsi muka shiga tsinka. Ba a sare itacen gaba ɗaya. Daga ƙasa ake farawa, ganye biyu ko uku a kowane gindi, sauran a bar su sai sun nuna. Nunannen ganye ya kan koɗe, bakinsa ya lanƙwasa ƙasa, in ka danna gindinsa da babban yatsa ya ɓalle da ƴar ƙara. Wanda ya yi gardama bai nuna ba, kuma kome wutar da aka ba shi ba zai yi kyau ba.

Kafin mu cika kwando na biyu hannuwanmu sun yi baƙi, suna danƙo. Kawu ya kori yara daga wurin, ya ce ɗanyar taba tana juya ciki. Yana da gaskiya: nikotin yana ratsa fata, musamman in ganye ya jiƙe ko jiki ya yi zufa, ya kawo jiri da amai. A ƙasashen da ake noman taba da yawa wannan ciwo sananne ne ga likitoci, kuma ƙananan yara ya fi kamawa.

A inuwar bedi muka zauna ɗauri. Inna, matar kawu, ta fi mu duka sauri. Ta kan ɗauki ganye biyu ta haɗa su baya da baya, ta zarga zare a wuyansu, ta jefa su gefen sanda na dama, na gaba ta jefa hagu, har sandar ta cika. Tana yi tana mita, wai ƙanena ya karye kan tabarsa duka bai bar mata fure ba. Shi kuwa ya karye ne don ƙarfin itacen ya koma ga ganye. Furen da tsofaffin mata ke goga wa haƙori tare da goro, sai ta tsinka a tabar kawu, wadda kullum ya kan bar wasu gindaye saboda iri.

Mun jera sanduna hawa hawa, da tazarar tafin hannu tsakaninsu don iska ta ratsa. Bayan magariba aka toshe kafofi duka, aka hura ƴar wuta da kara. Ma'auni ya tsaya a digiri 34.

Litinin

Yau muka gane inda wuyar aikin take a ƙasarmu. Tun asuba iskar gabas ta taso da hazo, leɓe yana tsagewa. Ƙanena ya leƙa ta ƴar tagar ƙofa ya ga ma'aunin busasshe yana kan 37, mai lagwani kuwa ya yi ƙasa da nisa. A wannan mataki bai kamata tazarar ta wuce digiri 2 ba. In ta yi faɗi, ɗakin ya bushe ke nan.

Ganyen da aka tsinka jiya da sauran ransa. Cikin ɗumi da laima yana cinye korensa a hankali, sitacin da ke cikinsa yana juyewa sukari, launin rawaya da ke ɓoye yana bayyana. In ruwan jikinsa ya ƙare kafin ya gama wannan aiki, ya mutu kore, ba abin da zai sake shi, ga ɗaci ga kaushi. A Iseyin da Karolina ta Amurka, iska jiƙaƙƙiya ce, mai gashi yana faman korar ruwa daga ɗaki. A nan ƙasarmu ta Adar cikin hunturu laimar iska ta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, saboda haka mu faman tsare ruwa muke yi. Wannan darasin ƙanena bai zo da shi daga kudu ba, nan ya tarar da shi.

Muka jiƙa buhunan gara muka shimfiɗa a daɓe, muka ɗora kwanon ruwa bisa bututu, muka rataya jiƙaƙƙen bargo a bayan ƙofa, muka liƙe gefenta da laka. Duk ruwan nan da guga aka jawo shi daga rijiyar da albasa ke sha. Zuwa azahar ma'aunan biyu suka matso kusa da juna. Da yamma bakin ganyen hawan ƙasa ya soma yin rawaya.

Talata

Wuta tana nan a hankali, digiri 38. Rawaya ta ci rabin ganye, ta bar kore a bakin jijiya. Ba abin yi sai jira da sake jiƙa buhu, don haka na tafi rumfar kawu in ga tasa tabar.

Tasa irin gida ce, gajera, mai kaurin ganye. Ya kan yanka ta ya bar ta ta yi laushi, ya tara ta tuli cikin inuwa ya rufe da tsohuwar tabarmar kaba. Na tarar da shi ya durƙusa ya cusa hannu har gwiwar hannu cikin tulin, ya ɗan yi shiru, ya zaro ganye ɗaya daga tsakiya ya shinshina. Ya ce ta ɗauki zafi, yau za a juya. Ya warware tulin, na ciki ya dawo waje, na waje ya koma ciki, ya yayyafa ruwa da yatsu, ya sake rufewa. Hannunsa shi ne ma'auninsa. In ta yi duhu yadda yake so, sai ya shanya ta a inuwa. Mai son taba gari ya daka ta da kanwa ya zuba a batta. Ba ya ƙona ko tsinke ɗaya.

Wannan sana'a tana da tarihi a ƙasar Hausa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Katsina a 1853 zai tafi Tambutu, ya yi guzurin tabar Katsina saboda darajar da take da ita har can. A Nijar, fadamun Gulbin Maraɗi da kwarin Majiya sun daɗe da sanin noman taba na rani, ana kai ta kasuwanni inda Buzaye da Fulani da Hausawa ke saye. Duk wannan ciniki da inuwa da iska aka yi shi.

Na tambayi kawu ko yana ganin ta ƙanena za ta fi tasa. Ya ce, "Za ta hi kyau ga ido, kuma za ta riga tawa. Amma abin da ruwan zahi ya dahwa, in an yi haƙuri ruwan sanyi ma shina dahwa shi."

Laraba

Da gari ya waye ganye ya yi rawaya kusan duka, sai ɗan kore a jijiyar tsakiya. Ƙanena ya zaro ɗaya ya naɗe a yatsa bai karye ba. Ya ce lokaci ya yi. Muka janye buhuna da kwanon ruwa, ya ɗaga kwanon rufi kaɗan, ya buɗe kafa ɗaya ta ƙasa. Kara ya daina isa, aka koma itace.

Yau ce ranar haɗari. Ana ƙara zafi da digiri ɗaya kacal a awa, a tsaya wajen 43 zuwa 45 har ganye ya saki ruwansa ya yi yaushi sosai, sannan a ci gaba. In aka yi garaje zafi ya doshi 55 alhali ganye da sauran ruwa, sai ya dafe ya koma ruwan ƙasa cikin ɗan lokaci. In kuma aka yi sanyin jiki, ya ci gaba da cinye sukarinsa ya yi dabbare-dabbare. Murhun tano ba ya da linzami: itace ɗaya ya yi yawa, rabinsa ya yi kaɗan. Da bakin murhu ƙanena ke sarrafa shi, yana turawa da janye guntun kwano, yana leƙa ma'auni kowane ɗan lokaci. Da azahar iska ta kaɗa cikin murhu zafi ya zabura da digiri 4, ya zare itace da hannu ya watsa yashi bisa garwashi.

Dare muka raba. Ina gadin wuta na tuna labarin da ake bayarwa game da asalin wannan gashi. A 1839, a gundumar Caswell ta Karolina ta Arewa, wani bawa maƙeri mai suna Stephen yana gadin ɗakin taba a gonar ubangidansa, Abisha Slade, barci ya kwashe shi. Da ya farka ya ga wuta ta kusa mutuwa, ya kwaso gawayin maƙera ya zuba, zafi ya tashi gaba ɗaya, ganye ya fito rawaya irin wadda ba a saba gani ba. Bututu ya yaɗu daga baya, bayan yaƙin basasar Amurka. Wannan ganye mai sukari hayaƙinsa ba ya shaƙe maƙogwaro, yana da sauƙin zuƙa har huhu, shi ya sa ya zama uwar sigari a duniya, shi ya sa kuma illarsa ta yi nisa haka.

Alhamis

Zafi ya kai 55, an buɗe kafofi duka. Launi ya kafu, gefen ganye ya soma naɗewa yana bushewa. Ƙamshi mai zaƙi yana fitowa ta rufi, har maƙwabta suna tambaya ko me ake toyawa.

Itacen da ƙanena ya tara tun kaka ya ƙare da hantsi. Ya yi zaton zai kai shi ƙarshe. Dole ya tare mai amalanken jaki ya sayi lodi na geza da sabara, da tsadar da ta sa ya daɗe yana tsaye kafin ya biya. Ana saukewa inna ta fito ta dubi tulin ta ce, "Wanga icce ya ishe ni tuwon wata guda." Ba wanda ya amsa mata. Ƴan matan gidanmu kan fita tun da safe su hau dutse neman abin hura wuta, su dawo rana tsaka da ɗan dami. Wasu gidajen da kara da kashin shanu suke girki.

Duk ɗan Adar ya san yadda aka sha wuya kafin itace ya dawo ƙasar nan. Bayan farin 1973 da 1974, aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya a 1975 don kare gonaki daga iska. A 1984, shekarar da yunwa ta sake afkowa, aka buɗe babban aikin Keita da tallafin Italiya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mata ne suka fi yawa a wurin, maza sun tafi biɗa. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a fako, aka dasa miliyoyin itatuwa. Dokar daji ta 2004 kuma ta tsare itatuwa irin su gawo. Wannan gumi ne nake gani yana shiga bakin tano.

Ƙasashen da suka rungumi gashin wuta sun ga sakamakonsa. A Zimbabuwe da Malawi da Tanzaniya, kowane kilo na busasshen ganye yana cin kilo da dama na itace, dazuzzuka sun ja baya, har Zimbabuwe ta sa haraji a kuɗin tabar manomi tun 2015 don dashen itace. Ko kamfanin taba na Najeriya da ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959, akasarin ganyen da manoman Arewa suka noma masa iska ce ta busar da shi. Ɗakunan wuta a ƙasar Yarbawa suka yi yawa, inda akwai daji.

Juma'a

Saura jijiyar tsakiya. Ita ce mai taurin kai, in ta rage da ruwa za ta ruɓar da ganye a ajiya. An rage kafofi, an kai zafi 68 zuwa 70. Bai kamata ya haura 74 ba, don sukarin zai ƙone ganye ya yi ja. Bututu ya yi zafin da ba a iya tsayawa kusa da shi, ganye kuma ya bushe ƙarau. Ƙanena ya jera bokitan ruwa da tulin yashi a bakin ƙofa, ya ƙi matsawa ko taki ɗaya sai da wani ɗan'uwa da ya riga ya yi salla a wani masallaci ya karɓe shi.

Bayan an sauko, zancen ɗakin ya tashi a ƙofar masallaci. Wani dattijo ya ce da ma a zuba ƙarfin nan ga albasa. Malaminmu ya ce saɓani kan taba tsoho ne: Ahmad Baba na Tambutu ya halatta ta a farkon ƙarni na 17, Seku Ahmadu ya hana ta a daular Masina, mabiya Tijjaniyya kuma suna guje mata har yau. Ya ƙara da cewa malaman wancan zamani ba su san abin da likitoci suka gano daga baya ba, kuma abin da cutarwarsa ta tabbata hukuncinsa ba ya ɓuya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Nijar ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba a 2005, ta kafa dokarta ranar 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana talla da sha a wuraren jama'a da sayar wa yara. Tabar gida ma ba ta kuɓuta daga illa ba: wadda ake dasawa a leɓe tana jawo kansar baki. Da dare na ce wa kawu, "Kawu, don Allah ku rage battar nan." Ya ce ya ji, ya mayar da ita aljihu bai buɗe ba.

Asabar

Da asuba ƙanena ya zaro ganye daga hawan sama ya lanƙwasa jijiyar, ta karye tsaf. Aka janye wuta aka buɗe ƙofa. Abin da muka gani ya cancanci kallo: sanduna cike da ganye ruwan zinariya daga sama har ƙasa. Kawu ya taso da kansa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Madalla da aiki, ɗana. Ka iya."

Amma ba a taɓa shi, don yatsa ɗaya ya isa ya mayar da shi gari. A kudu ana barin ƙofa buɗe da dare raɓa ta tausasa shi. A nan babu raɓa cikin hunturu. Muka kwarara ruwa a daɓe, inna ta tafasa babbar tukunya muka shigar da ita tana tururi, muka rufe ƙofa. Sai da aka sake tukunyar kafin ganye ya yi laushi kamar jemammiyar fatar akuya.

Da yamma muka tsince. Na tsakiya ya yi kyau ƙwarai. Na kusa da ƙofa, inda iskar Litinin ta samu kafa, ya kafe kore. Na lungun sama, inda tururi ya taru ranar Laraba, ya koma ruwan ƙasa. Aka ɗaure kowane kashi dabam. Abin da ya cika kwanduna ranar tsinka bai cika buhu ɗaya ba yau, don ganye ya kan rasa kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na nauyinsa a gashi.

Lahadi

Yau kasuwar Tawa ke ci. Mun tafi da buhun ƙanena da ɗan abin da kawu ya rage na bara. A layin ƴan taba mutane suka taru suna juya rawayan ganyen suna mamaki. Wani tsohon dillali ya gutsuri kaɗan ya haɗa da kanwa ya dasa a leɓe. Ya jima, ya tofar, ya ce, "Tana da kyau, tana da zaƙi, amma ba ta da faɗa. Mutanena mai faɗa suka so." Ya taya da kuɗin da bai kai na baƙar taba ba. Ta kawu kuwa wani Buzu ya shinshina sau ɗaya ya biya. Masu zuƙar hayaƙi suna da sigari kara kara wurin kowane mai tebur, ba su neman ganye, kuma ba wani kamfani kusa da mu da ke jiran irin wannan kaya. Abin da ƙanena ya samu bai mayar da kuɗin itace da maƙeri ba, balle barcin da ya rasa.

A hanyar dawowa ya ce sauran ganyen da ke gona zai ba kawu ya yi masa irin nasa, ɗakin kuma zai cire bututun ya buɗe masa kafofi ya zama wurin ajiyar albasa, tunda mai iya riƙe albasa har ta yi tsada shi ke cin ribarta. Kawu ya ce, "Ai taba ta bambanta da garin gero."

Ga hukuncina. Ana iya gasa taba a Kalfu da tano da laka da ma'auni biyu, na gani da idona, kuma basirar da ta gina ɗakin nan abar yabo ce. Amma aikin bai dace da ƙasarmu ba. Yana shan ruwan rijiya a lokacin da garka ke bukatarsa, yana cin itacen da uwayenmu mata suka dasa da wahala, ya fitar da ganyen da kasuwarmu ba ta so, wanda kuma in ya samu masu so lafiyarsu zai ci. Matasan Adar da ke dawowa daga biɗa da sabbin dabaru, ku ci gaba da kawowa, muna bukata. Sai dai kafin ku aza tubali, ku tambayi abin da dabarar za ta ci a nan da wanda za ta ciyar. Itacen Adar a bar shi ga tukunyar tuwo da inuwar gona.